Zayyanar da Muka Yi wa Mujallar Waƙa

Bazarar da taubashina ya zo mana daga Gidimuni, zafi ya kai inda ƙadangarun Birni, unguwarmu a Damagaram, ke tafiya suna ɗage ƙafa kamar masu tsallake garwashi. Mun gama jarrabawa a lise, wato babbar sakandare, ba karatu, ba aikin yi, ni kuwa Allah bai halicce ni da gindin zama ba. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana kirana a fada, wato majalisar da samari ke zaman shayi da kiɗa. In na je fada, kafin shayin farko ya tafasa, sai in ji kamar wani abu na faruwa a unguwar Zango ba da ni ba. Kakata ta ce tun ina ciki haka nake, wai mamata ba ta taɓa cin tuwo a zaune ba saboda ni.

Shi taubashin nawa ɗan kawuna ne, ya ɗan girme ni. Ya iso da gurminsa a cikin buhun taki. Kawu ya bar shi ya zo birni bisa sharaɗi: ranar da ruwan shuka ya sauka a Gidimuni, ranar zai hau mota ya koma gona. Abin da ya kawo shi kuwa, akwai wani gidan rediyo a garinmu mai shirin matasa ran Asabar, inda ake kiran sababbin mawaƙa su rera kai tsaye. Yana so a ji muryarsa a can ko sau ɗaya kafin ya koma ya duƙa.

Ba na son yabonsa, don taubashi ba a yabonsa, amma yaron ya iya waƙa. In ya kama gurmi yana waƙar 'yan matan da ke sayar da rake a bakin tafkinsu, har akuyar maƙwabta tana barin cin kwali ta saurara.

Muka je gidan rediyon. Gardin ƙofa ya dube mu, ya dubi buhun taki, ya ce, "Samari, mai shirin sai wanda aka sani yake kira. Kai wa ya san ka?"

"Duk Gidimuni," in ji taubashina.

"To, ka je rediyon Gidimuni."

A hanyar komawa gida ban bar shi ya huta ba. Na ce, "Baƙauye, ka ji ko? Ba a san ka ba. Ko jakin gidanku sai ya yi tunani kafin ya gane ka." Ya ce, "Ɗan birni, kai da aka sani me ka tsinana?" Na yi ta juya maganar a raina har muka shiga lungunmu, kuma a nan dabarar ta faɗo mini. A ɗakin littattafan lise akwai tsofaffin mujallun Faransanci masu hoton mawaƙa a bango, ko wane da tabarau kamar mai ciwon ido. Ban san ko ɗaya cikinsu ba, amma da na gan su a takarda sai na ɗauka manya ne. Ashe takarda ke sa a san mutum. Na ce za mu yi mujallar waƙa ta matasan Damagaram, mu sa shi a bango, mu kai wa mai shirin.

Na sa mata suna Kunnen Birni. Yayan wani abokina yana da sibar, shagon intanet da buga takardu, kusa da kasuwa, ya ba mu wata ordinatar, tsohuwar kwamfuta da ke kwana a lungu, wadda in ka kunna ta za ka iya zuwa ka yi aski ka dawo kafin ta farka. A gabanta na tare. Na san mutanena: ba sa karanta dogon rubutu, abin da ya wuce saƙon talho, wato wayar salula, wa'azi ne a wurinsu. Don haka na yi haruffa manya-manya, labari gajere-gajere, Hausa da ɗan Faransanci yadda muke magana. Na yi shafi kan fadar da ta fi kowace mugun lasifika a Birni. Na sa baitocin waƙoƙinsa don masu son haddacewa. Na yi hira da shi, sai dai duk tambayar da na yi masa amsarsa "eh" ko "haka ne", dole na taimaka masa da bakina. Da na karanta masa abin da ya faɗa, ya ce, "Ni na ce haka? Ashe ina da hankali."

Duk wannan aikin ina yi ina leƙa sama. Da safe gari fes, da la'asar sai wani ɗan gajimare ya leƙo daga gabas kamar mai neman wani. Taubashina ya daina cin abinci da kyau. Ko iska ta kaɗa labule sai ya miƙe.

Bango ne ya ba mu wahala. Na kai taubashina kan duwatsun Birni, na ara masa tabarau, na ce ya ɗaga gurmi ya murtuke. Hoton ya yi kyau a talho. Amma da ya bi ta injin fotokopi, abin da ya fito gindin tukunya ne mai haƙora. Muka sake, ya fito gindin tukunya ba haƙora. Mai sibar ya ce injinsa ba ya ƙarya. Taubashina ya ce in aka sa wannan a bango, ko mai shirin ya kira shi ba zai je ba. Na mai da hoton can ciki, ƙarami, na zauna ina kallon farin bango.

'Yar maƙwabtanmu ce ta fid da mu, ko in ce ta jefa mu. Ajinmu ɗaya da ita, kuma babanta shi ke yi wa alluna zayyana in yara za su yi saukar Alƙur'ani, irin adon nan na layuka da murabba'ai da ke kama ido tun daga nesa. Ita ma hannunta ya ɗauka. Ta ce, "Kai dai ba ka da ido. Duk takardar da aka rubuta da boko kama take da ta lekwal, ta 'yan makaranta, wa zai so ganin lekwal cikin hutu? Kawo in yi maka abin da ba wanda ya taɓa yi."

Na ce, "Malama, bismilla."

Washegari ta kawo bangon. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ta kewaye takardar da zayyana, ta rubuta Kunnen Birni da ajami a tsakiya, haruffa masu kauri da doguwar jela. A can sama kuma ta buɗe da bisimilla, don hannunta bai saba fara rubutu ba tare da ita ba. Injin fotokopi, da ya ƙi fuskar taubashina, ya karɓi wannan da hannu biyu. Baƙi ya fito baƙi, fari ya fito fari. Na yi ta tsalle a sibar har mai wurin ya ce in fita waje in ƙarasa.

Muka fara da gidan rediyo. Gardin nan da ya kore mu, yana ganin takardar sai ya miƙe, ya goge hannunsa a riga, ya karɓa. Ya ce, "Allah ya yi muku albarka, samari. Ashe haka kuke." Na daki kafaɗar taubashina na ce, "Ka ga aikin takarda?"

Daga nan muka bi fada-fada muna rabawa. Ko'ina haka. Samarin da ba sa tashi ko don babansu sai su gyara zama, wani ya rage kiɗa, wani ya ɓoye sigari a bayansa. A karɓa, a ce "Madalla", a naɗe a sa a aljihun gaba. Na ce wa wani abokina, "Buɗe mana ka gani." Ya ce, "Bari sai na yi alwala." Na yi dariya, na ɗauka iskancinsa ne.

Kwanaki suka wuce, ba wanda ya ce mini uffan kan lasifika, alhali na zagi fadoji da dama a shafin nan, har na shirya hanyar gudu. Ba wanda ya rera baiti ɗaya. Rediyo shiru. Gajimare kuwa ya daina leƙe, ya fara zama. Ni da taubashina muka koma kamar kaji masu neman wurin ƙwai, mu shiga gida, mu fito, mu je bakin titi, mu dawo.

Ran nan na shigo neman sauran mujallun da na bari kan tabarma a zaure, ban gan su ba. Na tambayi kakata. Ta ce, "Maigidana, kai ne ka zubar da sunan Allah a ƙasa inda awaki ke wucewa?" Ta nuna mini can saman katanga, ƙarƙashin azara. Ta naɗe su cikin sabon ɗankwali, ta ɗora su inda ko ni sai na taka turmi.

Na ce, "Kaka, waƙa ce fa a ciki."

"Ta yabon Annabi?"

"Ta 'yan mata masu rake."

Ta dube ni har na ji tsawona na raguwa. Ta ce, "Ka ɗauki rigar malam ka sa wa makaɗi. To wa zai yi rawa a gabansa?"

Na fita da gudu na bi gidajen abokaina. Wani mamarsa ta sa tasa cikin akwatin da take ajiye littattafan addini. Wani ya ba kakansa tsaraba. Wani tsoho a lungunmu ya tare ni yana tambaya ko ta ciwon baya ce ko ta tsarin gida. Duk Birni an girmama mujallata, ba wanda ya buɗe ta. Na je na sami 'yar maƙwabtanmu na ce mata ai ta kashe mu. Ta ce, "Ni na ce maka zan yi abin da ba wanda ya taɓa yi. Ka tambaye ni dalilin da ya sa ba a taɓa yi ba?"

Na ce a yage bangon kawai a zubar. Kakata ta ce in na yaga sai ta yaga ni. Ita da kanta ta zauna ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye bangayen a ɗankwalinta, ta miƙo mini cikin tana riƙe da shi da yatsu biyu. Muka koma sibar. Wannan karon na rubuta sunan da boko, haruffa kamar na allon shagon taya, na maido gindin tukunya mai haƙora na manna a tsakiya. Taubashina ko kallon hoton bai yi ba. Idonsa na kan ƙofa, inda iska ta fara tara ledoji.

Na hau kabu-kabu zuwa rediyo ana yayyafi. Na ce wa gardi ina takardar da na ba shi. Ya kai ni ɗan masallacin ma'aikata, ya nuna mini ita a kan kanta, ta yi lamo tare da carbuna. Na ba shi sabuwar. Ya dubi hoton ya ce, "Wannan kuma wane aljani ne?" Ya shiga da ita yana dariya yana nuna wa mutane, kuma ina jin dariyar ce ta kai ta teburin mai shirin.

Da na dawo gida na tarar da taubashina yana ɗaure bakin buhun taki. Kawu ya kira: an yi ruwa a Gidimuni, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Na raka shi tasha. Ban tsokane shi ba ko sau ɗaya, abin da ya sa ya ce ko ba ni da lafiya.

Ran Alhamis mai shirin ya kira ni, don lambata ce a mujallar. Ya ce in kawo mai gurmin nan ran Asabar. Na kira kawu na yi masa daɗin baki iya iyawata. Ya ce, "Ɗana, ko sarki ne ke kira, sai an rufe iri." Na koma wurin mai shirin na ce mawaƙin nawa yana rangadi a yankin tafki, amma zai iya yi ta talho. Ya ce a gwada.

A gonarsu ba rezo, talho ba ya kamawa sai a kan wani tudun yashi. Ran Asabar da hantsi ya ajiye sungumi ya hau can, ƙanwarsa ta riƙe masa talho a baki. Mu kuma muka cika zaurenmu, rediyo a tsakiya, kakata a bakin ƙofa tana cewa ita wucewa take. Sai ga gurmi, siriri, yana zuwa yana komawa kamar daga cikin rijiya. Sai ga muryarsa. Ya yi baitin farko lafiya. Ya shiga na biyu, daidai inda mai rake ke juyowa, wani jaki ya ɓarke da kuka a bayansa, layin ya tsinke. Mai shirin ya yi dariya har da tari, ya faɗi sunansa da sunan garinsu, ya sake faɗa, ya ce in an gama shuka yana son jin ƙarshen waƙar a situdiyo.

Bayan ɗan lokaci talhona ya yi ƙara. Yana haki ya ce, "Ɗan birni, an ji ni?"

Na ce, "An ji ka. Amma mutane na tambayar sunan wanda ya yi maka amshi."

Ya zage ni, na rama, sai na ji muryar kawu daga nesa tana kiransa, ya ce bari ya sauka, an bar shi a baya a layin shuka.