Lamba goma da lamba ashirin

Idan ruwan Agusta ya sauka a Samaru, har yau nakan ji kamar ina zaune a wancan ɗan shagon namu na bayan kasuwa, ƙamshin gasasshiyar masara na shigowa ta taga, gilashin kwamfuta ya yi raɓa. A nan na fara aikin haɗa wa mutane shafin intanet, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Akwai wata tsohuwar malamar firamare daga Sabon Gari, kowa Mama yake ce mata. Mijinta shi ne shugaban mawaƙan cocinsu har ya rasu. Ɗansu da ke Legas ya kwashe tsoffin kaset ɗin uban, ya zuba waƙoƙin a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, ya bar mini sauran aikin. Mama kuwa tun rasuwar ba ta sake jin muryar mijinta ba, ga shi washegari za ta koma ƙauyensu a kudancin Kaduna, inda waya ma sai an hau tudu.

Ta zo bayan azahar da lemarta a jiƙe, ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Na buɗe shafin da yanga. Fari fat, ko ɗigo babu.

Yaren kwamfutar da na rubuta shafin da shi ba ya aiki shi kaɗai, sai da wasu ƙananan manhajoji da muke kira modul. Kowanne yana da ɗan fayil ɗinsa a cikin saitin sabar, da lamba a gaban sunansa, mai ƙaramar lamba shi ke fara tashi. Ni kuma da zan raba lambobin, sai na bi tarbiyyar gidanmu. Babban modul, wanda ke ɗauko waƙoƙi daga ma'ajiya, na ba shi goma. Wani ɗan mitsitsi da ban ga amfaninsa ba na jefa shi ashirin. A ganina rashin kunya ne ƙarami ya riga babba shiga.

Na yi ta dube-dube, zufa na keto mini duk da sanyin. Haushi ya kama ni, na zagi sabar, na zagi mai ba mu intanet. Mama kuwa tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, leɓenta na motsi a hankali. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

"'Yata, me ya hana shi fitowa?" ta tambaye ni.

Don kada in yi shiru, na bayyana mata tsarin lambobin, har da alfaharin cewa na sa babba a gaba.

Ta yi 'yar dariya. "Ai maigidana bai taɓa shiga gaba ba. Yara ke fara shiga su tsaya, su riƙe masa murya. Shi sai daga ƙarshe, ya tarar da su a shirye. In ya riga su, da wa zai yi waƙar?"

Na koma na karanta saƙon kuskuren da sabar ta rubuta, wanda na yi ta tsallakewa. Babban yana tashi, ya nemi ƙaramin bai same shi ba, sai ya koma ya kwanta. Na mai da ƙaramin goma, babban ashirin, na sake tayar da sabar.

Da farko shuuu ɗin tsohon kaset ne kawai, ya gauraya da ƙarar ruwa a kan kwano. Sai muryoyin yara, siriri, kamar daga can ƙarshen layi. Mama ta ajiye jakarta a ƙasa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dafa teburina ta miƙe tsaye.

"Mama, ki zauna mana," na ce.

"Bari, 'yata," ta ce, idonta a kan ƙofar shagon. "Yanzu zai shigo."