Ranar da Hamadu ya ɗauki dutsen guga

Ku da kuke koyon ɗinki a hannuna yanzu, ba ku san ranar da Hamadu ya shigo shagon nan na unguwar Roumdé Adjia ba. Ni kam ban manta da ita ba.

Hamadu mawaƙin hip-hop ne, a zamaninsa duk Garwa ba wanda bai san muryarsa ba. Ni nake ɗinka masa kayan hawa dandamali. Ya yi suna har Yawunde da Duwala, ya sayi motoci, ya tara 'yan rakiya. Daga baya aka daina kiransa wasa, motocin suka tafi, gidan ya bi su, 'yan rakiyar suka watse.

Ran nan sai ga shi a ƙafa. Ya ce, "Baba Sali, ɗinki na zo koya. Yarana suna jiran abinci."

A sana'armu sabon shiga da guga yake farawa, a bakin ƙofa, inda kowa ke wucewa. Daga nan saka maɓalli, sai kalmasa, kafin ya hau keke. Na ji nauyin tsayar da mutum kamarsa a bakin titi. Sai na ba shi kujera a ciki, ina aika masa shayi. Duk lokacin da ya miƙe zai taɓa aiki, in ce, "Haba, patron, ranka ya daɗe, zauna." Damina ta zo ta wuce bai iya zura zare a allura ba. Ni kuwa ina ganin girmama shi nake yi.

Wata safiya ya ture kofin. "Baba, shayi akwai a gida. In ba za ka koya mini ba, faɗa mini in tafi."

Kunya ta kama ni. Na nuna masa gawayi da dutsen guga.

Bai jima a ƙofa ba wani ɗan moto, mai haya da babur, ya ja birki. "Kai! Tauraro, yau kai ne da guga? Yi mana baiti ɗaya mana!"

Hamadu bai ɗago ba. Ya ce, "Kawo rigarka tukuna, ta fi buƙata."

Yanzu yana da shagonsa a garin Figil, har aiki yake turo mini. Tun daga kansa, duk wanda ya zo koyo, ko jiya gwamna ne, wurin guga a bakin ƙofa nake nuna masa. Kujerar ta masu jiran kaya ce.