Sandar Awon Kawu Ilu

Duk wanda ya zauna unguwarmu ta Highbridge, nan ƙasar Turawa, ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, da sandarsa. Da an wayi gari ƙanƙara ta sauka, zai fito ya caka sandar a ciki, ya duba, ya ja tsaki: "Wannan ai raɓa ce!"

Asalin abin, ya yi tuƙi a ƙasar Suwizalan kafin ya zo nan. Wata rana aka kai shi wani kwari tsakanin duwatsu, aka nuna masa ƙarzuwa a jikin dutse can ƙololuwa, aka ce a zamanin da ƙanƙara ta cika kwarin maƙil har wajen. Ya ɗaga kai yana kallo har hularsa ta faɗi. Shi ke nan, muka shiga uku!

Kullum kaurin ƙanƙarar nan ƙaruwa yake a bakinsa. Na ce, "Kawu, bara ka ce ta kai benen gidanmu, yau kuma ta taɓo gajimare?"

Ya ce, "Bara sabon zuwa ne kai, ban so in tsorata ka ba."

Ranar da bas ta daina tafiya saboda ƙanƙara, shi kaɗai ya isa masallaci a ƙafa. Ya kira liman a waya: "Malam, raɓa ce ta hana ka fitowa, ko in ja kaina sallar?"

A hunturuna na farko sanyi ya karya ni. Yatsuna suka tsattsage, aiki ya ƙi samuwa, na haɗa jaka na ce gida zan koma. Sai Kawu ya ja ni a jirgin ƙasa har lambun shaƙatawa na Central Park. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani falalen dutse mai zane-zane.

"Ka ji zanen? Nan ma ƙanƙarar zamanin da ta bi, ta fi benayen can tsawo. Yanzu tana ina?"

Na ce, "Ta narke."

"To taka ta wata uku ce za ta kore ka? Je ka kwance jakar nan, ɗan nema!"

Na kwance. Ga ni har yau, da mata da 'ya'ya.

Bana aka yi ƙanƙarar farko babu shi. Na fito da sandar na caka, na duba. Sai ƙaramar 'yata, wadda ba ta amsa mana sai da Turanci, ta leƙo ta ja tsaki ta ce, "Baba, wannan ai raɓa ce."

Wallahi na yi kewarka, Kawu. Allah ya jiƙan ka, ya yalwata makwancinka, ya sa ka huta.