Malam Zakari da Tambayar da Ba Ta Fitowa a Jarrabawa

Kullum da safe Malam Zakari kan taso daga Gauraka a kan tsohon babur ɗinsa, ya iso makarantarmu a Suleja kafin a kaɗa ƙararrawa. Fiziks yake koyarwa, ni kuwa Tarihi a ajin da ke jikin nasa, don haka na sha karatunsa ta bango ba tare da na nema ba. Bana, 1996, zai ajiye alli ya yi ritaya.

In ya gama darasi sai ya jefa wa yara wata tambaya: ilektiron, ƙwayar nan da ido ba ya gani, ina take kafin a auna ta? Lissafi ya ce tana iya zama nan da can, amma da an auna sai a same ta wuri ɗaya. To me awon ya yi mata? Ni kaina nakan tsaya ina jiran amsa, amsar kuwa ba ta zuwa.

Tambayar nan ta kusa raba ɗalibarsa Mardiyya da ajin kimiyya. Ta kai tambayar gida, mahaifinta Alhaji Bamalli ya ce ana cusa wa 'yarsa shakka, gobe ta koma ajin kasuwanci. Malam Zakari ya ja ni muka je zauren Alhaji a unguwar Wambai. Na zaci zai kare kansa. Sai ya bayyana cewa masanan ma sun rabu: wasu sun ce awon ne ke tsayar da ita, wasu sun ce da ma tana da wurinta, mu ne ba mu sani ba, wasu har sun ce duniya ce ke rarrabuwa.

Alhaji ya gyara zama. "Ashe ku ma kuna da saɓanin malamai? To kai wace mazhaba kake bi?"

"Wallahi, Alhaji, har yau ban sani ba."

Alhaji ya ce malamin da ke iya faɗin haka ba zai ɓatar da yaro ba. Yanzu Mardiyya tana jami'a a Minna, Fiziks take karantawa.

Malam, gwanin tambaya, kai ne ka nuna mana rashin sani ba abin kunya ba ne a gaban allo. Za mu yi kewarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muka rage, in yaro ya tambaye mu abin da ya fi ƙarfinmu, mu daure mu faɗa masa gaskiya, kada mu kore shi da tsawa.