Ƙyallen Baba Mai Kujeru

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum da safe kafin ɗalibin farko ya shigo makaranta, Baba Mai Kujeru ya riga ya buɗe zauren taro. Ya share, ya goge tagogi, sannan ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana zama a kai. Wadda ta yi ƙara sai ya ja ta gefe, ya ɗauko guduma. Mun sha tsokanarsa cewa duk makarantar babu wanda ya kai shi hutawa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.

Shekarar da muka kammala karatu, ni aka ba shugabancin shirya walima, kaina ya kumbura. Muka ce komai fari da ruwan zinariya, daga labule har balan-balan. Ni da bakina na ce wa mai gadi duk wanda bai sa kalar ba, kada ya shiga.

Baba yana jera kujeru ya ce, "'Yata, iyayen fa? Kun ɗinka musu?"

Na ce, "Haba Baba, ai an rubuta a katin gayyata."

Sai ya roƙi ragowar yadin labulen.

Ranar walima ina kan dandamali na hango mahaifina a bakin ƙofa. Daga gareji ya taho da shuɗiyar rigar aikinsa, mai gadi ya tare shi. A bayansa iyaye sun fi ashirin, wasu har sun fara juyawa.

Sai ga Baba da kwali. Ashe yadin nan ya yayyanka, ya sa wa kowane ƙyalle fil. Ya maƙala wa mahaifina ɗaya a ƙirji, ya dubi mai gadi ya ce, "Ga kala. Matsa mana, ɗana."

Kai ne, Baba, ka shigo da su, ka zaunar da su a sahun gaba, kan kujerun da ka gwada da kanka. Mai gyara ɓarnar masu digiri! Ko sau ɗaya ba ka taɓa yi mini gori ba, kuma ina alfahari da na san ka.

Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku masu shirya walima, ku yi koyi da shi: kafin ku zaɓi kala, ku tuna wanda zai tsaya a ƙofa.

Takardar shaidata tana cikin akwati. Ƙyallen kuwa har yau yana rataye a garejin mahaifina, kuma duk wanda ya kawo mota sai ya ji labarinsa.