Kakana Bai Mutu a Rijiya Ba

Shekaranjiya maƙwabcina ya sa aka fasa ƙasa zai yi shadda, sai ƙanshin jar laka mai danshi ya bugo ni. Na tsaya da buta a hannu. Turaren kakana ke nan, mahaifin babanmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana haƙa wa mutanen Jalingo rijiya. In ka taɓa shan ruwan tsohuwar rijiya a unguwar Turaki, wataƙila da guminsa a ciki, sai ka yi haƙuri.

Aikinsa na bazara ne, lokacin da ruwa ya gudu ƙasa, zafi kuma ya hana ƙadangare fitowa. Ƙa'idarsa guda ce: ba ya shiga rami sai ya zura fitilar aci-balbal da igiya. In ta kai ƙasa tana ci, ya yi bisimilla ya bi ta. In ta mutu, ya naɗe igiyarsa ya koma gida, ko rijiyar wa ce. Sai a sakandare malamin kimiyya ya cika mana allo da bayanin iskar da ke kashe wuta da mutum. Kaka bai san sunanta ba, amma sun san juna.

Kakarmu mace ba mutuwarsa take tsoro ba, ta ce wannan kowa da ranarsa. Wurin mutuwar ne ya dame ta. Wansa rijiya ce ta rufta da shi a wajen Lau. Aka kwana biyu ana tono ba a kai gare shi ba, liman ya ce a cike ramin a yi masa salla daga sama. Ba wanka, ba likkafani. Tun daga nan addu'arta ɗaya ce: Allah ya ba ta gawar mijinta a hannu.

Da gwiwoyinsa suka fara gardama, ya yi mata alkawarin ya daina. Ya riƙe alkawarin shekara guda. Sai rijiyar wani masallaci a unguwar Kachalla Sembe ta cika da laka, samari suka leƙa suka ja da baya, aka zo aka roƙe shi ya yashe ta. Ya amsa. Ranar kakarmu ta yafa mayafi ta bi shi, abin da ba ta taɓa yi ba, mu jikoki muna biye.

Ya zura fitilar. Harshen wutar ya kwanta, ya tashi.

"Malam, fitilar nan rawa take yi."

"Ke ma rawa kike yi, ai ba ki mutu ba."

Ya sauka. Ta zauna a ƙasa ta naɗa wutsiyar igiyar a hannunta, kamar ita za ta janyo shi. Guga na fitowa da laka, guga na komawa. Can wajen azahar igiya ta daina motsi. Bappa, ƙanen babanmu, ya kifa kai a bakin rijiyar yana "Baba! Baba!" Shiru. Sai muka ji murya daga ƙasa: "Kai, matsa! Kana zubo mini ƙasa a ka." Ashe hutawa yake yi. Da la'asar aka janyo shi, laka har gira.

Da damina zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, a kan tabarmarsa, da rana tsaka. Bayan an yi masa sutura aka kira kakarmu. Ta shafa likkafanin tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ga shi nan duka, a bushe."

Wata maƙwabciyarmu Bamumuya, wadda Hausa ba ta zauna mata ba, da ta zo gaisuwa ta ce, "Mama, mijinka ya mutu, kana murmushi?"

"A gida ya mutu, 'yar nan."

Yanzu motar burtsatse ke zuwa unguwa, ta yi ta ruri yini guda, ruwa ya fito ba wanda ya shiga ko'ina. Tsofaffin rijiyoyin an rufe yawancinsu da siminti, kuma ban ce na yi baƙin ciki ba. Nakan dai bi ta maƙabarta in tsaya a kansa. Ramin da ya shiga na ƙarshe ko ƙirjinsa bai kai ba, kuma wasu ne suka haƙa masa.