Indararon Baba

A hanyar Daddara akwai wani kwazazzabo da ya raba lambunmu biyu, ruwa a wannan gefe, albasa a wancan. Mahaifina masassaƙi ne mai taurin kai, ya rantse ba zai tsufa da tulu a kafaɗa ba. Ya sare giginya uku, ya tsaga, ya fafe cikinsu da gizago, ya haɗa su baki da baki a kan gwafanni, sai ga ruwa yana haye kwarin ta sama. Mutane suka sa masa suna indararon Baba. Direbobin da 'yan duwan, wato kwastan, suka tsare a boda har takowa suke yi su gani, suna kaɗa kai.

Doka ɗaya ya kafa mana: kada itacen ya yini bai ga ruwa ba. Ko ba a ban-ruwa, sai an saki kaɗan ya bi ta ciki. Ni na ɗauka rigimarsa ce kawai, ban taɓa tambayar dalili ba.

Bayan rasuwarsa ƙanena ya sayo inji da tiyo, amma Inna ta sa shi ya ci gaba da jiƙa indararon kullum. Ni kuwa malamin makaranta ne, na shiga gidan tarihi a birni, na dawo kaina ya yi girma. Na ce aikin Baba ya wuce a bar shi cikin laka, adana shi za mu yi don jikoki. Inna ta ce a bar shi inda mai shi ya ajiye. Na ce mata abin na ilimi ne. Wallahi haka na faɗa wa uwata, har yau kunya nake ji.

Muka sauke shi, muka wanke, na yi masa rumfar kwano a ƙofar gida, na ɗora shi a kan bulo. Har hoto na ɗauka.

Bazara ɗaya ta gama da shi. Ya bushe, ya tsage daga kai har gindi, wani wurin hannu ma yana shiga. Hankalina ya tashi, na ɗebo bokiti na zuba, ruwan ya zube a ƙafata gaba ɗaya. Ashe danshin ne yake riƙe da shi duk shekarun nan.

Inna ta fito da sandarta, ta shafa tsagar a hankali, ta kai yatsa inda sawun gizago yake. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba.

"Tun da ya tafi, in na ji ruwa na gudu a ciki, sai in ce yana lambu," in ji ta. "Yanzu kam ya rasu."